Kafin ka toshe lambarsa

Wata nasiha ta cika wayoyin matasan Kano a 'yan shekarun nan. Tana Facebook, tana TikTok a bakin samarin da ke jingina da motar da ba tasu ba suna wa'azin nasara, tana kuma yawo a WhatsApp daga wannan zaure zuwa wancan. Nasihar ba ta da tsawo: ka rage jama'a. Duk wanda ke ɓata maka rai, aboki ne ko ɗan'uwa, ka yanke hulɗa da shi, ka toshe lambarsa, ka ja gefe ka gina kanka. Wai jama'a ne ke mayar da mutum baya, kwanciyar hankali kuwa ta fi kowa.

Ban yarda da wannan nasiha ba, kuma ba don ina ganin zama da mutane daɗi gare shi ba. Duk wanda ya tashi a cikin badala ya san ba haka abin yake ba. Mutanenmu akwai baki, akwai sa ido, akwai tambayar da ba ka gayyata ba: yaushe za ka yi aure, me ya sa ka rame, nawa ka sayi shaddar nan. Abin da na kasa ganewa shi ne, wannan kan naka da ake cewa ka ja gefe ka gina, a ina za ka gan shi? Gwano ba ya jin warin jikinsa. Mutumin da ke zaune a ɗaki shi kaɗai mai haƙuri ne, mai kyauta ne, mai yafiya ne, tunda ba wanda ya taka shi, ba wanda ya roƙe shi, ba wanda ya yi masa laifi. Bari ya fito, ɗan Adaidaita Sahu ya goge masa mota a Ƙofar Nassarawa da tsakar rana, sannan zai ji abin da bakinsa ke iya furtawa.

Malamai sun daɗe da sanin haka. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, wanda kuma har gobe ake karanta littafinsa Ihya'u a zaurukan malaman birnin nan, ya kawo hanyoyi 4 da mutum zai bi ya san aibin kansa. Ko dai ya zauna gaban malami mai basira ya nuna masa. Ko ya sami aboki mai gaskiya ya ɗora masa nauyin lura da shi. Ko ya saurari abin da maƙiyansa ke faɗa a kansa, domin idon ƙiyayya ba ya rufa asiri. Ko kuma ya cuɗanya da jama'a, duk abin da ya gani a wurinsu ya ji ya ƙi, ya juyo ya tuhumi kansa da shi. Duk huɗun nan da wani mutum a ciki, ba wadda ta ce ka kulle ƙofa. Gazali kuwa ba baƙon keɓewa ba ne, shi da ya ajiye kujerar koyarwa a Bagadaza ya yi shekaru nesa da taro. Ya san amfanin halwa sarai. Amma da aka zo maganar sanin aibi, wurin mutane ya tura mu, har ya nuna cewa maƙiyin da ke tona maka aibinka zai iya fi maka amfani a kan abokin da ke yabonka yana ɓoye maka. Sama da maganarsa ma akwai hadisin da Tirmizi da Ibnu Majah suka ruwaito, cewa muminin da ke cuɗanya da mutane yana haƙuri da cutarwarsu ya fi wanda ba ya cuɗanya da su, ba ya kuma haƙuri da cutarwarsu.

Amma ba sai an je littafi ba. Kantin Kwari ma makaranta ce.

Ina yawan zama a shagon wani aminin mahaifina da ke sayar da atamfa. Yana da wani yaro, ɗan ƙanwarsa, da ya gama jami'a bai sami aiki ba aka kawo shi zaman shago. Yaro mai tsafta, mai lissafi, ba ya taɓa kuɗin kowa. Wata rana wata dattijuwa ta shigo da hijabi da ya sha wanki har ya koɗe, ta sa shi ya sauko mata da turmi bayan turmi, tana shafawa tana ɗagawa a haske tana tambayar kuɗi, daga ƙarshe ta ce za ta zagayo. Tana juya baya yaro ya ja tsaki. Alhaji bai ce uffan ba. Sai da aka yi azahar, aka ci abinci, shago ya yi sauƙi, sannan ya kira shi.

"Tsakin nan da ka yi ɗazu, na ji shi, ita ma ta ji."

"Kawu, ai ba saye za ta yi ba, wahalar da ni kawai ta yi."

"Hajiyar da ta zo da direba jiya fa? Ta sa ka sauke abin da ya fi wannan, ba ta sayi ko ƙyalle ba, har bakin layi ka raka ta kana dariya. Ba gajiya ce ke damunka ba. Ina kallonka, tun da baiwar Allahn nan ta shigo takalminta ka fara kallo."

Yaron ya yi shiru, ya sunkuyar da kai yana naɗe atamfa. In da za ka tambaye shi aibinsa kafin ranar, ƙila ya ce yana da saurin fushi, wanda aibi ne mai sauƙin amsawa, har wasu na alfahari da shi. Ba zai taɓa cewa yana raina talaka ba, don bai sani ba. Shi da ke rubutu a Facebook kullum yana kare talakawa. Sai da aka haɗa mutum biyu kafin ya gani: tsohuwar da ta gwada shi ba da saninta ba, da kawun da ya damu da shi har ya zauna yana lura da inda idonsa ke sauka. A ma'aunin nasihar zamani, wannan kawu yana cikin waɗanda ya kamata a yi nesa da su, tunda ya ɓata masa rai a ranar, ya kuma hana shi kwanciyar hankali.

Kasuwancin Kano gaba ɗaya a kan irin wannan sani aka gina shi. Tun zamanin da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kafa Kasuwar Kurmi, zuwa ayarin fataken da ke tafiyar watanni zuwa Gwanja neman goro, zuwa diloli da ake bayarwa yau a Kwari da Singa a kan magana kawai, jarin farko shi ne a san halinka. Ubangida ba ya yaye yaro ya ba shi jari don ya iya lissafi. Sai ya gan shi a ranar riba, ya gan shi a ranar asara, ya gan shi da kuɗin da ba wanda ya ƙirga. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a cikin waɗannan shekaru ba ubangida kaɗai ke karantar yaro ba. Shi ma yaron a nan yake gano ko wane ne shi, ranar da kuɗin wani ya kwana a aljihunsa alhali mahaifiyarsa na kwance ba lafiya.

Sai majalisa, wadda ta fi kowa shan suka. Na san majalisar da ke zama bayan isha'i a ƙofar wani gida a Gwammaja, benci biyu da tabarma, mai shayi na gefe. Akwai wani a cikinsu, ma'aikaci ne mai rufin asiri, wanda duk lokacin da aka zo biyan kuɗin shayi sai waya ta shigo masa, ya tashi ya koma gefe yana "Na'am, ranka ya daɗe." Ba wanda ya zaunar da shi ya yi masa wa'azin rowa. Abin da suka yi kawai, da mai shayi ya fara tattara kofuna sai duk su juya su zuba masa ido, wani ya ce, "Malam, duba wayarka, lokacin kiran ya yi." A fashe da dariya har da shi. Bayan 'yan kwanaki shi ke riga kowa zaro kuɗi, kuma ba a daina tsokanarsa ba, yanzu cewa ake wayar ta lalace. Ban ce ya zama mai kyauta ba, hali zanen dutse ne. Amma ya san an sani, ya kuma san kansa ta wata fuska da matarsa ta gaji da faɗa masa bai ji ba.

Wannan dabara ta faɗar gaskiya cikin raha ba majalisa ce ta ƙirƙiro ta ba. Al'adarmu ta kunya ce. Ɗa ba ya kallon idon uba ya ce ya yi kuskure, ƙane ba ya gyara wa wa a gaban mutane, suruki kuwa ko cin abinci ba a yi a gabansa. Jama'ar da ta kewaye kanta da kunya haka, in ba ta bar wata ƙofa ba, manyanta za su tsufa ba wanda ya taɓa gaya musu gaskiya. Sai ta bar ƙofar wasa. Taubashi, ɗan mace da ɗan namiji, yana da lasisin gaya maka abin da ba mai iya gaya maka, kuma abin kunya ne ka yi fushi. Jika yana tsokanar kaka. Bakano da Bazazzagi, Bafillace da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe, duk inda suka haɗu sai an taɓa. Mutane na ɗaukar abin a matsayin barkwanci kawai, amma sau nawa ka ji taubashinka ya jefa maka magana a taron suna, kowa ya yi dariya, kai kuwa ka koma gida kana juya ta a ranka har ka yi barci? Kuma ba kai ka zaɓi taubashinka ba. Haihuwa ce ta ba ka shi, shi ya sa ba ya tsoron ka kore shi.

Mata sun fi mu sanin wannan karatu, don makarantarsu ta fi tsanani. Wadda ta zauna a gidan yawa, da uwar miji da facaloli da madafi ɗaya da igiyar shanya ɗaya, ba ta bukatar wani ya gaya mata iyakar haƙurinta. Ko adashi kaɗai ya isa misali. Kowa mutuniyar kirki ce kafin ta kwasa. Bayan ta kwashi nata ne uwar adashi da sauran mata, da ita kanta, za su ga ko ƙafarta za ta ci gaba da kawo zubi.

To, amma masu waccan nasiha ba daga sama suka faɗo ba, kuma rashin adalci ne a yi kamar ba su da hujja. Akwai zaman da ba ya koya wa mutum komai sai ƙasƙanci. Akwai matar da ake duka, ta je gida a ce mata ta koma ta yi haƙuri, ta koma a ƙara, har sai an kai ga ofishin Hisba ko asibiti. Akwai yayan da ya danne gadon marayu, in an yi magana ya ce ana son raba zumunci. Akwai abokin da ke jan yaro zuwa ƙwaya da daba. Akwai majalisar da ba abin da ake ci a cikinta sai naman mutane, wadda in mace ta wuce sai an bi ta da magana, in maƙwabci ya sayi mota sai an binciko inda ya samo kuɗin. Mun yi amfani da kalmar haƙuri mun rufe zalunci mai yawa a garin nan, musamman a kan mata da ƙananan da ba su da baki. Wanda ya gudu daga irin wannan zama bai yi laifi ba, kuma ba zan ce masa ya koma don ya san kansa ba. Abin da zai sani a can kawai shi ne yadda ake karya mutum.

Inda na rabu da su shi ne, nasiharsu ta zuba mutum biyu a buhu ɗaya: mai cutar da kai da mai ɓata maka rai. Ba ɗaya ba ne, sau da yawa ma kishiyoyin juna ne. Mai cutar da kai yakan zo da baki mai zaƙi, ya yabe ka a gabanka, ya ci ka a bayanka. Mai ɓata maka rai kuwa sau da yawa shi ne yayarka da ta ce matarka ta fi ka gaskiya a rigimar nan, ko abokin da ya ce ba zai ƙara ranta maka ba sai ka biya na baya, ko limamin unguwa da ya tambaye ka ina ka shiga da asuba. Ana gane su da abu biyu: a gabanka suke faɗa, kuma ranar da aka kwantar da kai a Asibitin Murtala su za ka gani da kwanon abinci. In ka lura da waɗanda matasanmu ke toshewa, za ka ga irin na biyun sun fi yawa, don su ne maganarsu ke da zafi. Na farkon suna nan cikin waya ana ta musayar yabo da su.

Abin da ya fi damuna ma ba wayar ba ce, yadda muke gina garin ne. Gidan cikin gari da zaure yake farawa, da dakali a ƙofa. Maigida na zaune a inda mai wucewa zai yi masa sallama, almajiri ya tsaya, mai neman sulhu ya shigo, yaran unguwa su san akwai idon babba a kansu. Je ka sababbin unguwannin da ke ta bazuwa ta wajen Rijiyar Zaki da Ɗanbare da bayan Hotoro ka gani: katanga mai tsawo, waya a samanta, get na ƙarfe. Mutum ya fito a mota gilashi a rufe, ya dawo a mota, ya yi hon a buɗe masa. Ban ga laifin kowa ba. Wanda ya ga hare-haren bama-bamai da aka kai Kano ranar 20 ga Janairun 2012, ko aka taɓa tare shi da wuƙa a kan waya, ba za ka hana shi ɗaga katanga ba. Amma yaron da ya tashi a bayan wannan get, daga gida sai makarantar kuɗi sai allon waya, wa zai yi masa abin da unguwa ta yi mana? Mu da muka tashi ɗan kowa ne, duk babban da ya ga ka yi ba daidai ba zai ja maka kunne kafin labari ya isa gida. An yi wuce gona da iri a wancan tsari, na sani, amma ba ka kai shekara 15 ba tare da ka san ana ganinka a matsayin mai ladabi ko marar kunya, mai aike ko malalaci ba. Yanzu akwai masu shekara 30 da ba wanda ya taɓa gaya musu.

Kullen korona na watan Afrilun 2020 ya ɗan ɗanɗana mana. Aka rufe kasuwa da masallaci, aka bar kowa da iyalinsa. Magidanta da yawa da ke ganin kansu masu sanyin hali suka gano ashe kasuwa ce ke shanye zafinsu kafin su dawo gida.

Abin dariya, ƙasashen da muka kwaso wannan nasiha daga wurinsu sun riga mu isa ƙarshen hanyar, suna neman ta dawowa. A 2018 gwamnatin Birtaniya ta naɗa minista mai kula da matsalar kaɗaici, Japan ta bi sahu a 2021. Jami'ar Harvard a Amurka tana da wani bincike da aka fara tun 1938, ana bin rayuwar mutane daga ƙuruciya har tsufa, kuma babban abin da masu binciken ke nanatawa shi ne kyakkyawar alaƙa da mutane tana cikin abubuwan da suka fi tasiri a lafiya da jin daɗin mutum in ya manyanta. Su suna kashe kuɗi su gano abin da kakata ke faɗa a kyauta, cewa mutum rahama ne, mu kuma muna sayen data mu koyi yadda za mu rabu da shi.

Akwai kuma inda abin ke fitowa fili, inda ba a iya ɓoye shi: binciken aure. An ruwaito cewa wani ya zo gaban Sayyidina Umar yana yabon wani mutum, sai Umar ya tambaye shi: kai maƙwabcinsa ne da ka san shigarsa da fitarsa? Ya ce a'a. Kun taɓa tafiya tare? A'a. Kun taɓa hulɗar kuɗi? A'a. Ya ce to ba ka san shi ba. Wannan ma'auni shi iyayenmu ke bi in an zo neman 'yarsu. A tura kawu ko baffa unguwar yaro, ya zauna wurin mai shayi, ya gaisa da liman, ya tambayi mai kanti ko yaron na biyan bashi, ya ji yadda yake yi wa mahaifiyarsa magana. Kafin la'asar an san wanda za a ba.

Kwanan baya wani maƙwabcinmu ya je irin wannan bincike a ɗaya daga cikin sababbin unguwannin nan. Yaron yana da aiki, yana da mota, shafinsa na Facebook cike da ayoyi da nasihohi. Ya tambayi na dama, ya tambayi na hagu, ya tambayi masu kanti, ya tsaya aka yi la'asar a masallacin layin. Ba wanda ya faɗi aibinsa, ba kuma wanda ya faɗi alherinsa. Wani dattijo ne ya ce masa, "Wallahi Alhaji, ba zan yi maka ƙarya ba, mota kawai muke gani tana shiga tana fita." Ya dawo ya gaya wa uban yarinya, aka rasa abin yi, don ba a hana mutum aure a kan ba a san shi ba, kuma ba a ba shi a kan haka. Daga ƙarshe sai da aka nemo garin iyayensa aka tura mutum can, inda ya bari tun yana sakandare, aka tambayi mutanen da rabonsu da shi ya fi shekara 10.